Fenti Bakwai a Kan Fumfuna

Shekara arba'in da shida na yi ina fenti, kuma ba yabon kai ba, babu bangon da ya taɓa gagara ta. Ban zauna a aji ko na wuni ɗaya ba, amma injiniyoyi masu hular kwano sun sha tsayawa a bayana suna kallon yadda nake jan buroshi. Na faɗo daga hawa na uku, na tashi na kakkaɓe wandona na koma sama. Wutar lantarki ta kama ni a kan tsani ta yi jifa da ni, ita ce ta ɗauke, ni ban ɗauke ba. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mini Ƙi-Karye, har sunan da ubana ya raɗa mini ya ɓace. Na faɗi wannan ne don ku san ba rago ne yake ba ku labari ba. An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa a ɗakin matata ya same ni, a bayan kan gadonta.

Yarinya nake ce mata. Ta haura saba'in, haƙoranta na ƙasa saura huɗu, amma da wannan sunan na fara kiran ta kuma ban ga dalilin canzawa ba. Ita kuwa Tsoho take ce mini tun ina da baƙin gashi. Muna zaune a ƙasan wani bene a ƙarshen layi, ɗaki biyu da falo. Nata ne na ƙurya, mai taga ɗaya da wasu 'yan ƙofofin iska guda uku can sama kusa da silin. 'Ya'yanmu duk sun watse, sai Auta da take aure a tsallaken babban titi, tana leƙo mu kusan kullum.

Shekara biyu da suka wuce na ga tabon farko. Na janye gadon ne zan ɗauko mata carbinta da ya faɗa, sai na ga wani baƙi-baƙi a gindin bango, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Na shafa, ya biyo yatsana kamar gawayi mai laima.

Ku da ba masu sana'ar ba ba za ku gane ba. Tela ba ya yawo da yagaggiyar riga. Mai fenti kuwa in aka ga tabo a bangon gidansa, to ya gama kunyata, gara ya sayar da buroshinsa ya kama tallan goro. Kuma ina da haɗina na kaina da ban taɓa koya wa kowa ba: fentin mai, a zuba masa banish mai sa ƙyalli daidai gwargwado, a ɗan tsinka da tina. In ya bushe sai ya zama kamar tangaran. Ruwa ba ya ratsa shi, kana iya wanke shi da soso. Na goge tabon da tsumma, na buga masa haɗin nan, na bi bangon gaba ɗaya don kada launi ya bambanta. Shuɗi mai haske, irin wanda take so. Kana shiga ɗakin sai ka ga fuskarka a bango.

Bayan wata uku tabon ya dawo, ya fito ta gefen inda na tsaya. Na ce to, ni da kai ne. Na sake shafewa.

A tsakanin nan tari ya kama ta. Da farko ɗan gyaran murya ne da safe, da ido yana ƙaiƙayi, da hanci yana zuba. Sai ƙirjinta ya fara kuka, wani siririn fito kamar buta ta kusa tafasa. Na ce sanyi ne. Ni da na san kan gini, na dubi ɗakin na ga ta inda sanyin yake shigowa. Na kwaɓa siminti na toshe ƙofofin iskar nan uku. Tagar ma na bi gefenta da foti na liƙe ta tsaf, na rataya mata labule mai kauri. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na kunna ashana, harshen wutar ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Yarinya, yanzu ko iska mai takardar izini ba ta isa ta shigo miki ba."

Ta ce, "Sannu da aiki, Tsoho." Ta yi tari har sai da ta dafa gado.

Sau biyu aka kwantar da ita a asibiti a shekarar nan. In ta kwana huɗu a can sai ta warware, ta ci abinci, ta fara yi wa ma'aikatan jinya tsiya. In ta dawo gida ba ta cika mako biyu sai fiton nan ya dawo. Kuma duk lokacin da take asibiti, ni ina gida ina yi mata gyaran ɗaki, don ta dawo ta tarar da shi fes. In janye gado, in goge baƙin, in buga sabon fenti.

Tashin ciwon na uku wata Talata ce da hantsi. Ina falo ina wanke burosai a cikin gwangwani, sai na ji ƙarar kofi ya faɗi. Na ce, "Yarinya, kin fara fasa mana kaya?" Shiru. Na leƙa.

Tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, wuyanta ya miƙe, bakinta a buɗe. Ramin da ke ƙasan maƙogwaronta yana lotsawa yana dawowa. Fiton ma babu. Wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro, don na saba da fiton, in ina jin sa na san iska tana wucewa. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Ta dube ni, idon nan duk ya firfito, tana son ta ce wani abu babu iskar faɗa.

Ni da na taɓa saukowa daga bene da buhun siminti a kowace kafaɗa, na kasa ɗaga matar da ba ta kai nauyin bokitin fenti biyu ba. Na fita layi ba takalmi ina ihu, ban ma san me nake faɗa ba. Mai shagon bakin layi ne ya fito da motarsa, shi ya ɗauke ta. A hanya na riƙe kanta a cinyata ina kiran sunanta na gaskiya, wanda na fi shekara arba'in ban furta ba.

Suka karɓe ta suka rufe ƙofa. Auta ta iso tana haki, mayafi a hannu. Muka zauna a benci wajen awa biyu. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe, ya wuce ni. Da suka bar mu muka shiga, an rufe mata hanci da baki da roba, wani inji a gefe yana ƙirga bugun zuciyarta da ƙara.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, a haife na haifi babansa. Ya kira mu ofishinsa ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban fitila.

Ya ce, "Baba, sau uku ke nan. Nan ta warke, a gida ciwon ya tashi. Akwai abin da take shaƙa a gidan nan. Kuna girki da gawayi a ɗaki?"

"A'a."

"Kuna kiwon tsuntsaye? Tattabaru, kaji?"

"Ko kyanwa babu."

"Danshi fa? Akwai inda bango yake jiƙa, ko fumfuna take fitowa?"

Na gyara zama. Na ce, "Likita, ka san da wa kake magana? Shekara arba'in da shida ina fenti. Bangon ɗakin matata ka ci abinci a kansa."

Ban ɗauke ta ƙarya ba a lokacin, Allah ya sani. A wurina abin da aka rufe ya tafi. Amma Auta ta juyo ta zuba mini ido.

Ta ce, "Baba, to me ya sa kullum kake janye gadon?"

"Ke, ana magana da manya."

"Likita, zannuwan Mama wari suke yi. Na wanke na shanya, in sun kwana biyu a kabad sai warin ya dawo. Ɗakin in ka shiga kamar ka buɗe tsohuwar rijiya."

Na ce warin fenti ne. Likitan bai yi musu da ni ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai rantse cewa ɗakin ne ba, amma ba zai sallame ta ta koma cikinsa ba sai an je an duba. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba da labarin farashin kaya, "Wannan karon mun samo ta da ƙyar. In aka sake kawo ta a haka, ban yi muku alkawari ba."

Maganar nan ta bi ni har gida. Na zauna a falo ina kallon ƙofar ɗakin, na kasa shiga.

Bayan kwana biyu duba-gari ta zo. Mace ce, gajera, da jaka a kafaɗa da takalmin roba. Auta ce ta kawo ta. Tun daga ƙofar ɗakin ta ja ta tsaya, ta ciro takunkumi ta ɗaura, ta miƙo mana ɗai-ɗai.

Na ce, "'Yata, ni na shaƙi tina shekara arba'in, hancina ya riga ya zama ƙarfe."

Ta ce, "To Baba, sa don ni, kada a ce na kashe tsohon mutane."

Na sa. Ta dubi bangon ta ce, "Kai, wa ya yi wannan aikin? Kamar gilashi."

Na ce, "Yana gabanki."

Ban ji daɗin yabon ba, don ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga kai ta ga inda na toshe ƙofofin iska. Ta taɓa fotin taga. Ta sa muka janye gado da kabad. Sai ta ciro wata 'yar na'ura mai tsinke biyu kamar cokali mai yatsu, ta soka a bangon da ke wajen ƙofa. Ta nuna mini fitila kore. Ta zo bangon kan gado ta soka. Abin ya yi ja ya kama tsuwa, ta matsa sama ya ci gaba da tsuwa, ta matsa har tsayin kafaɗarta bai daina ba.

"Me ke bayan bangon nan?"

"Babu komai. Bututun banɗakin mutanen sama ne ya bi ta ciki ya sauka."

Ta danna bangon da babban yatsa. Fentina ya lotsa. Ni da idona na ga ya lotsa ya dawo kamar cikin jariri. Ta ciro 'yar wuƙa ta tsaga layi ɗaya, ta kama bakin da yatsu biyu ta ja.

Ya biyo ta kamar ana feɗe akuya. Falle guda, tun daga gwiwa har ƙirji. Ruwa ya gangaro daga ciki, baƙi, ya bi ƙasa ya nufo ƙafata. Abin da ke bayansa kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba a duk gine-ginen da na shiga. Baƙi ƙirin, da gashi-gashi a jikinsa kamar bayan ɓera, wani wurin kore, wani wurin fari kamar auduga. Filastar ta ruɓe, kana taɓawa tana zubowa. Warin ya ratso takunkumin ya shige mini har ƙwaƙwalwa. Auta ta yi salati ta fita da gudu.

Daidai nan matashin kan Yarinya yake jingina. Tsakanin hancinta da wannan abu bai kai taƙi biyu ba, shekara biyu.

Duba-gari ta juya fallen fentin ta kai shi wajen haske tana duba kaurinsa. Ta sa farce tana rarrabewa.

"Ɗaya, biyu, uku... Baba, sau nawa ka shafa?"

Na ce, "Bakwai."

"Bakwai." Ta ajiye shi a ƙasa. "Ka ga, bututun yana yoyo a cikin bango. Da fentin ruwa ne a kai, da bangon ya riƙa fitar da danshin, da kun ga jiƙa tun da wuri an kira mai gyaran famfo. Wannan naka ya riƙe ruwan gam. Fumfuna kuwa abin da take so ke nan, laima da duhu da rashin iska. Tana fitowa ta ƙasan allon gindin bango da bayan soket, ga shi nan, ka gani. Ƙurarta ido ba ya gani. Da ƙofofin iskar nan a buɗe suke da wata ta fita."

"Don sanyi na toshe."

"Na sani, Baba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta abin da yake cina. Na ce, "Abin da ya riga ya shiga ƙirjinta fa, yana fita?"

Ta ce wannan likita zai faɗa, ita bango ta sani.

Ta juya kabad ɗin, bayansa duk ya yi baƙi. Ta ɗaga katifa, ƙasanta ya yi dabbare-dabbare. Ta zayyana wa Auta abin da za a yi tana rubutawa. A fara gyara bututu, in ba haka ba duk aikin banza ne. A rufe ƙofar ɗakin da leda don kada ƙurar ta bi gida. A jiƙa bangon kafin a kankare, a sassaƙe filasta har bulo, a wuce inda baƙin ya tsaya da kamu guda. Katifa da matasai da bayan kabad a ɗaure a leda a fitar. Abin da yake wankuwa a wanke da sabulu a shanya a rana. A fasa ƙofofin iska, a buɗe taga.

Na ce, "In an gama sai in zo in rufe shi da..."

"Baba." Ta ɗaga mini hannu. "Ba za ka rufe komai ba. Bangon nan tsirara zai zauna har sai na dawo na soka na ga kore. Ko wata biyu ne. Bayan nan ma farar ƙasa za a shafa."

Farar ƙasa! Abin da nake yi wa masu shafa ta dariya, ina ce musu masu fentin kabari. Na buɗe baki, na tuna leɓɓan nan masu launin toka, na rufe.

Mijin Auta ya kawo ma'aikata biyu, ya ce in zauna in huta. Na ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Na sa takunkumi da safar hannu da tabaran walda na wani abokina, na karɓi kurfi da guduma. Kwana uku muna sassaƙa. Mai gyaran famfo ya ciro bututun, tsagar da ke jikinsa ba ta fi tsawon yatsa ba. Duk bugun da na kai sai in ga launukan da na shafa suna faɗowa a jere, shuɗi a kan shuɗi, kowanne na tuna ranar da na yi shi da waƙar da nake yi.

Kullum da la'asar ina zuwa asibiti. Kwana shida tana cikin robar nan. Kullum in na doso ɗakin sai na tsaya a baranda na leƙa ta gilashi tukuna, in ga ko gadon da mutum a kai. Rana ɗaya na leƙa na ga an yaye zanin gado, katifa tsirara. Na zame na zauna a ƙasa a gaban mutane. Wata ma'aikaciyar jinya ta dafa ni ta ce, "Baba, lafiya? Matarka ce? Mun mayar da ita ɗakin masu sauƙi." Sai da ta faɗa sau biyu na ji.

Na same ta a jingine, an cire robar baki an bar siririya a hanci. Ta rame, zoben hannunta yana yawo. Magana ɗaya biyu sai ta tsaya ta nemi iska.

Ta ce, "Tsoho. Ka yi fari. Kamar fatalwa."

"Ƙurar filasta ce."

Na ja kujera. Na yi ta juya hulata a hannu. Sannan na gaya mata duka, tun daga tabon farko har fallen da aka feɗe, da baƙin ruwan, da abin da duba-gari ta ce game da ƙofofin iska. Ban rage komai ba. Na ce, "Ni ne, Yarinya. Da hannuna."



Ta ce, "Na sani."

"Kin san me?"

"Warin. Tun bara. In na kwanta... ta nan yake zuwa." Ta nuna bayan kanta.

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta juyo da kai ta dube ni. "Wa zai ce maka... bangonka yana wari?"

Na tuna ranar da wani mai gida ya ce layina ya karkace, na kwashe kayana na bar masa gida rabi a shafe. Na zo na ba ta labari ina dariya, ita ma ta taya ni.

Likitan ya sallame ta bayan kwana goma sha ɗaya, amma gidan Auta aka kai ta. Ya ce wani ɓangare na huhun ya yi tabo, ba zai koma kamar da ba. Ya ba ta abin shaƙa guda biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na ko-ta-kwana, ya ce kada ya yi nisa da hannunta.

Bangon ya ci mako tara kafin ya bushe. Duba-gari ta zo sau biyu na'urar tana yin ja, ta koma. A zuwa na uku ta soka sama, ta soka ƙasa, ta soka kusurwa, duk kore. Aka yi sabuwar filasta, ita ma aka jira ta. Na shafa farar ƙasa da hannuna, kuma ko a nan sai da maƙwabta suka shigo kallo, don ba kowa ya iya kwantar da ita ba tare da sawun buroshi ba.

Ranar da ta dawo, da azahar ne. Auta ta riƙo ta har bakin ƙofa. Ta tsaya ta dubi farin bangon, da sabuwar katifa, da gadon da muka matsar tsakiyar ɗaki nesa da kowane bango. Labule yana kaɗawa. Ta ja numfashi ta hanci, a hankali, mu biyu muna kallon ƙirjinta.

Ta ce, "Kamar asibiti."

Auta ta ce, "Mama, wari fa?"

Ta sake ja. "Babu. Sai na babanki."

Ta ce ta gaji za ta ɗan kishingiɗa. Auta ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Na ɗauko kujera na ajiye a bakin ƙofa, abin shaƙar ko-ta-kwana a hannuna na cire murfin. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta. Ina jin motoci a titi, da rediyon mai shago, ina ƙoƙarin raba su da sautin numfashinta.

Wajen rabin awa sai ta yi tari. Na miƙe tsaye, kujerar ta faɗi. Ta sake yi, na biyu ya fi na farko ƙarfi. Na isa bakin gadon, na durƙusa na kai kunnena kusa da bakinta. Na riƙe nawa numfashin.

Iska ta shiga, ta fita. Ta sake shiga har ƙasa. Babu fito.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Tsoho, ka tsaya mini a kan iska. Matsa."

Na matsa. Na ɗaga kujerar na koma bakin ƙofa na zauna, ban mayar da murfin ba sai da ta farka da la'asar ta ce in kawo mata ruwa.